Zama ana magana kawai, yana warkar da ciwon damuwa kuwa?

Tambaya: Wani ɗan'uwa ya rubuto cewa ƙanwarsa ta yi watanni ba barcin kirki, ba cin abinci, ta ajiye ɗinkin da take yi, kullum tana ƙunshe a ɗaki. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya tura ta wajen masanin halayyar ɗan Adam su riƙa zama duk mako suna tattaunawa. Mahaifinsu ya ce wannan al'adar Turawa ce, surutu ba ya magani, gara a kai ta wajen malam. Yana tambaya ko irin wannan jinya tana aiki da gaske, me ke sa ta yi aiki, kuma ta yaya zai gane ta dace da mu.

Amsa: Allah Ya ba ta lafiya, kai kuma Ya saka maka da alheri da ka tsaya mata. Tana aiki, ɗan'uwa. A ciwon damuwa mai sauƙi da matsakaici, jinyar tattaunawa tana kaiwa inda ƙwayar magani take kaiwa, kuma amfaninta yakan ɗore bayan an gama, domin mutum yana fita da abin da ya koya. Amma kada ka yi saurin watsi da maganar Baba. Surutu kam ba ya magani. Tsoron da yake yi kada a cusa wa 'yarsa tunanin da ba namu ba, shi ma ba tsoron banza ba ne, don yana faruwa in aka faɗa hannun wanda ya haddace littafi bai san mutane ba.

Bari in fara da abin da ake yi a ɗakin, tunda mutane da yawa suna ɗauka hira ce ko nasiha. Mai ciwon damuwa janye jiki take yi. Ta bar sana'a, ta bar zuwa suna da biki, ta bar kitso, ko tsakar gida ba ta son fitowa. Janyewar tana ba ta sauƙi na ɗan lokaci, amma tana raba ta da duk abin da ke sa mutum ya ji yana da amfani, sai ƙuncin ya ƙaru, ita kuma ta ƙara shigewa ɗaki. 'Yan gida sukan ce a ƙyale ta, in ranta ya yi daɗi za ta koma harkokinta. A wannan ciwo kuwa motsi ne yake rigan jin daɗi zuwa. Saboda haka sai a zauna da ita a zaɓi abu ƙarami ƙwarai, wanda ita da bakinta ta ce za ta iya: gobe bayan azahar ta yaye zanen da ta rufe keken ɗinkin, ta goge ƙura, ta ɗiga masa mai. Ko zare ba sai ta saka ba. Mako na zagayowa a tambaye ta ko an yi, yaya ta ji kafin ta fara, yaya ta ji bayan ta gama. In ba a yi ba, a duba me ya tare ta, ba faɗa, ba gori. Daga nan a matsa zuwa rigar yaro guda, daga nan zuwa gaishe da maƙwabciya. Ana cikin haka ake ɗauko tunane-tunanen da ke cin ta da tsakar dare, irin su "na zama kaya a kan iyayena", a baje su a duba hujjarsu tare da ita. Wannan hanya, wadda ake taƙaita sunanta da CBT, ta samo tushe daga aikin likita Aaron Beck na Amurka a shekarun 1960. Akwai wasu hanyoyin. Wata ta fi kula da zamantakewa, wato rasuwa, saɓani, aure, saki. Wata kuma koyar da warware matsala ce daki-daki.

Abin da ya daɗe yana ba masana mamaki shi ne, in aka gwada waɗannan hanyoyi da juna a kan ciwon damuwa, ratar da ke tsakaninsu kaɗan ce. Tun 1936 wani masanin halayyar ɗan Adam, Saul Rosenzweig, ya ce lallai akwai wani abu da suka yi tarayya a kai wanda shi ke ɗauke da yawancin aikin. A 1961 Jerome Frank, likitan ƙwaƙwalwa a jami'ar Johns Hopkins, ya jera likitocin zamani da masu maganin gargajiya da malaman addini na al'ummu daban-daban, ya ce abu huɗu ake samu wajen kowannensu: mutumin da majinyaci ya amince da shi har ya buɗe masa ciki, wuri da ake ganin na neman waraka ne, bayani mai shiga hankali a kan abin da ke damun mutum, da kuma wani aiki da su biyun suka yarda shi ne magani kuma suke yin sa tare. Ka duba zauren malamin da Baba yake nufi, za ka ga huɗun nan suna nan. Shi ya sa ban taɓa raina sauƙin da mutane suke cewa sun samu a can ba.

Daga baya an yi ta auna wannan amincewa. Masanin halayyar ɗan Adam Edward Bordin a 1979 ya ce ƙafa uku gare ta: a yarda a kan inda aka dosa, a yarda a kan abin da za a yi don a isa, sannan a samu shaƙuwa da ganin mutuncin juna. Wani nazari na 2018 da ya tattara bincike 295, na majinyata sama da 30,000, ya nuna galibi inda wannan haɗin kai ya yi ƙarfi sakamako ya fi kyau, ko wace hanya aka bi. Ba shi kaɗai ne maganin ba, kuma akwai cututtukan da sai da takamaiman dabara, kamar waswasi da firgicin da ke biyo bayan tashin hankali. Amma dabara ba ta shiga sai ta wannan ƙofa.

To a nan ne maganar al'ada ta shigo, kuma a ganina a nan duk amsar tambayarka take. Ta yaya mutum biyu za su yarda a kan magani in ba su yarda a kan ciwon ba? A 2011 Steven Benish da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka kwatanta jinyar da aka daidaita da al'adar mutane da wadda aka yi yadda ta zo a littafi. Wadda aka daidaita ta fi, kuma da suka bi diddigin wane gyara ne ya kawo bambancin, sai suka tarar shi ne daidaita bayanin ciwon da yadda majinyaci yake fahimtarsa. Shi ya sa ƙwararre ba ya fara da lacca. Yana fara da irin tambayoyin da likitan ƙwaƙwalwa Arthur Kleinman ya koyar tun shekarun 1970: me kike kiran wannan abu? Me kike ganin ya jawo shi? Me ya sa ya zo a wannan lokaci? Me kika fi tsoro game da shi? Wa kika riga kika je wa, me ya ce, me ya ba ki? A gida me ake cewa?

Akwai wata baiwar Allah da aka taɓa kawo mana. Gabanta yakan faɗi haka kawai, numfashi ya sarƙe, yatsu su yi sanyi suna tsira-tsira, jiri ya ɗebe ta, ta ji kamar ranta ne zai fita. An auna zuciya, an auna jini, an ce ƙalau. Ta sha maganin olsa da na taifot har ta gaji. Ita da mahaifiyarta sun tabbata iska ce ta shafe ta wata magariba da ta zubar da ruwan zafi a makwarara ba ta yi bisimilla ba, kuma tun daga ranar ba ta yarda magariba ta same ta a tsakar gida. Da na ce mata babu wata iska, da ba ta sake dawowa ba. Da na ce lallai iska ce, na shiga hurumin da ba nawa ba. Abin da na ce mata shi ne: "Hajiya, azkar ɗinki da addu'o'inki ki riƙe su kam-kam. Ni abin da na karanta shi ne abin da jiki yake yi in tsoro ya kama shi, ko mene ne ya taso da tsoron. Za ki yarda mu duba wannan tare?" Ta yarda. Na yi mata bayanin cewa in mutum ya tsorata numfashinsa yana sauri, saurin numfashin ne ke kawo jiri da tsira-tsirar yatsu, su kuma su ƙara tsorata shi. Sannan na roƙe ta mu yi numfashi da sauri-sauri ni da ita, mahaifiyarta na zaune tana kallo. Kafin minti guda ta ɗaga hannu ta ce, "Ga shi nan ya zo." Muka tsaya, muka sassauta numfashi, muka jira. Ya tafi da kansa. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta, don ta ga abin da take gudu ita ta kira shi, ita kuma ta sallame shi. Makonnin da suka biyo baya aikinta shi ne ta tsaya bakin ƙofar ɗaki da magariba, sannan tsakar gida, sannan gindin makwararar, tana karanta abin da ta saba karantawa, ba ta gudu har faɗuwar gaban ta lafa. Ban taɓa tambayar ta ko ta bar yarda da maganar iska ba. Ba shi ya kawo ta ba.

Sai harshe. Bahaushe ka tambaye shi jiki, ko yana kan gargara zai ce da sauƙi. Ka ce masa "kana cikin baƙin ciki?" ya ce alhamdu lillahi, kuma ba ƙarya yake yi ba, ladabi ne ga Ubangiji. Wanda ya ɗauko takardar tambayoyi da aka fassara kalma da kalma ya bi ta layi-layi, zai rubuta lafiya lau ga mutumin da ya kwana yana kuka. Mutanenmu ta jiki suke shigo da maganar: kaina yana ɗaukar zafi, wani abu yana yi min yawo a jiki, ƙirjina ya yi nauyi, tunani ya yi min yawa. Ba ƙirƙira suke yi ba, ciwon da gaske yana taɓa jiki. Mai jinyar da ya san aikinsa nan zai tsaya ya saurara sosai, ya tambayi barci, ya tambayi abinci, ya tambaya ko sallah tana yi mata nauyi yanzu, yaushe rabonta da lalle, yaushe rabonta da gidan biki. Ta nan ake isa zuciya. Wani nazari na 2006 da ya haɗa bincike 76, galibinsu a Amurka, ya gano jinyar da aka yi da harshen uwa na majinyaci ta ninka wadda aka yi masa da Turanci amfani. Don haka in ƙanwarka da Hausa take kuka, a nema mata mai jin Hausa. In dole sai da tafinta, kada ya zama ɗan gida, don ba za ta faɗi abin da ke tsakaninta da mijinta ta bakin ƙanin miji ba.

Kunya ma haka. Yarinyar da ta sunkuyar da kai gaban babba ba ɓoye-ɓoye take yi ba. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wanda bai san alkunya ba zai rubuta cewa ba ta shaƙu da ɗanta ba, ya shiga gyaran abin da bai lalace ba. An tashe mu a kan cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, kuma tona asirin gida abin kunya ne. Ba a rushe wannan da zama ɗaya, kuma bai kamata a rushe shi ba. Abin da ake yi shi ne a gaisa gaisuwa cikakkiya, a bar magana ta zo ta bayan gida in ta nan ta ga dama, a kuma faɗa mata ƙarara tun ranar farko cewa abin da ta faɗa amana ne, ba zai koma kunnen miji ko uwa ko yaya ba sai da izininta, in ban da inda rai yake cikin haɗari. In ta gwada ta ga amanar ta riƙu, da kanta za ta tuna ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Littattafan da aka rubuta a Turai da Amurka sun ɗauka majinyaci mutum ne shi kaɗai, shi ya kawo kansa, shi zai biya, shi zai yanke shawara. A wurinmu wani ne ya ba da izinin fita, wani ya biya kuɗin mota, wata ta riƙe yara. In waɗannan ba su gamsu ba, zama na uku ba za a zo ba. Don haka ana shigo da su, a ji ta bakinsu, a ba su aikin yi, ko da rakiya zuwa gidan maƙwabta ne. Amma ana kuma ware lokacin da za ta zauna ba kowa, domin wani lokaci mai rakiyar shi ne ciwon. Haka kuma inda aka dosa. Mai jinyar da zai ce wa 'yar Hausa ta yanke hulɗa da iyayenta don ta samu 'yancin kanta, bai fahimci cewa a wurinta warkewa ta haɗa da komawa cikin dangi da mutuncinta ba. Sau da yawa abin da ya fi amfani shi ne a nemo wace gwaggo ko wane kawu ne maganarsa take shiga, a koya mata yadda za ta kai kukanta ta hannunsa.

Maganar addini ina so in daɗe a kanta kaɗan, don a nan aka fi yin kuskure ta fuska biyu. Wasu suna barin addini a bakin ƙofa kamar takalmi, alhali da shi majinyacin yake fassara duk abin da ya same shi. Wasu kuma suna yayyafa aya a kan kowace magana don a ce sun daidaita da al'ada, har zaman ya koma wa'azi, mai ciwo ya tashi da ƙarin jin laifi. Amfani na gaskiya shi ne inda addinin ya buɗe ƙofar da ciwo ya rufe. Ka ɗauki saurayin da waswasi ya kama, yana maimaita alwala har jam'i ya wuce shi, yana tayar da kabbara yana sakewa, fatar hannunsa ta yi fari don wanki. Maganin da bincike ya tabbatar shi ne ya yi alwala sau ɗaya, shakka ta zo, ya ƙi komawa, ya daure wa ƙuncin har ya sauka da kansa, a yi ta maimaitawa. In ni kaɗai na faɗa masa, zai ga ina wasa da sallarsa ne. Amma Ahalari da ya karanta tun yana yaro ya ce mai waswasi ya bar waswasin daga zuciyarsa, kada ya kawo abin da ya yi shakka a kai, sai dai ya yi sujada bayan sallama. In malamin da yake girmamawa ya tabbatar masa da wannan hukunci, ni kuma na riƙe shi a kan horon mako-mako, aikin da zai ci watanni ana ja-in-ja sai ya miƙe. Haka wadda ake ce wa kukanta rashin tawakkali ne. Ana tuna mata Annabi Yaƙubu, wanda idanunsa suka yi fari don baƙin ciki, ya ce yana kai ƙarar damuwarsa da baƙin cikinsa ga Allah ne, da kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Ga Kirista kuma akwai Zabura da labarin Ayuba, da faston da ya yarda da shi. Sharaɗin dai shi ne a tambayi mutum matsayin addini a rayuwarsa, kada a yanke masa. 'Yar jami'a a Kano, da matar ƙauye a ƙasar Maraɗi, da Bahaushen Wusasa, da ɗan zango a Kumasi duk Hausa suke ji, amma ba riga ɗaya za a ɗinka musu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Game da cewa abin na Turawa ne, ga abin da za ka iya gaya wa Baba. Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya yi littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, ya yi babi-babi a kan tsoro da fushi da baƙin ciki da waswasi. Ya raba baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda yake sauka ba dalili, ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana lafiya don ranar da hankali zai tashi. Farfesa Malik Badri na Sudan ne ya fito da wannan aiki ga masu karatun zamani. A nan gida kuma, a 1954 likita Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda majinyata suke sauka a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, su zo asibiti da rana su koma cikin jama'a da yamma, kuma ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Likita Tijjani al-Mahi ma a Sudan ya nemi haɗin kan shehunai masu karɓar marasa lafiya.

Na kusa-kusan nan sun fi ƙarfin hujja, don an auna su. A Zimbabwe likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata ma'aikatan lafiya na unguwa, aka kafa musu benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, suna zama da masu fama da abin da mutanen can suke kira yawan tunani, zama shida na warware matsala da harshen Shona. A gwajin da aka buga a 2016, na mutum 573, bayan wata shida kusan 14 cikin 100 ne suka rage da alamun ciwon damuwa a cikin waɗanda suka zauna a bencin, a cikin waɗanda ba su zauna a bencin ba kuwa kusan 50 cikin 100. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, Atif Rahman da abokan aikinsa sun koya wa mata ma'aikatan lafiya masu shiga gida-gida dabarun CBT don masu juna biyu da ke da ciwon damuwa. Ba su shiga da sunan ciwon ƙwaƙwalwa ba. Sun shiga da maganar lafiyar uwa da jariri, wadda miji da suruka ba za su ƙi ba, suka yi amfani da hotuna saboda waɗanda ba su yi karatu ba. A cikin mata 903, wata shida bayan haihuwa 23 cikin 100 ne suke da ciwon a ɓangaren da aka yi wa wannan, 53 cikin 100 a ɗaya ɓangaren. An buga wannan a 2008. Ka lura a duka biyun ba a taɓa ƙashin dabarar ba. Abin da aka sauya shi ne mai yi, da wurin yi, da harshe, da ƙofar shiga.

Sai dai daidaitawa da al'ada ba ta nufin sa hannu a kan duk abin da aka saba. Haƙuri maganin zaman duniya ne, amma in mace tana shan duka aka ce ta yi haƙuri ta koma, an mayar da haƙurin takunkumi, kuma mai jinyar da ya bi wannan don kada a ce ya saɓa al'ada ya ci amanarta. Dukan mara lafiya da sunan fitar da aljani, da shaƙa masa hayaƙi har ya suma, da ɗaure shi da mari, babu al'adar da za ta wanke su. Duk mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a gidajen mari a Kaduna da Katsina a 2019. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi haƙƙin masu wannan lalura. Haɗin kai da malamai da masu maganin gargajiya yana yiwuwa ba tare da cutarwa ba: gwajin da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda aka buga a 2020, ya nuna masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi in ma'aikatan asibiti suna zuwa suna duba su da ba su magani a wuraren masu maganin gargajiya da na addu'a. Kuma akwai inda magana kaɗai ba ta isa. Wanda yake jin muryoyi, ko ya kwana bakwai ba barci yana ta surutu da rabon dukiya, ko mai jegon da ta rikice, ko mai farfaɗiya, ko wadda damuwa ta kai ta daina ci da sha, waɗannan sai da maganin likita, tattaunawa ta biyo baya.

Yanzu ga ƙanwarka. Irin wannan jinya yawanci zama shida ne zuwa goma sha shida, ba abu ne na har abada ba. Bayan zama uku ko huɗu ka tambaye ta, ba abin da suka tattauna ba, wannan nata ne. Ka tambaye ta ko tana jin ana sauraron ta, ko an yi mata bayanin ciwon yadda ya shiga hankalinta, ko ta san abin da ake so a cimma, ko ana ba ta abin da za ta gwada a gida kuma ana bibiya. In ta ce mutumin shi ke ta magana, ko yana raina addu'arta, ko ya mai da zaman wa'azi, ko tana fitowa da jin ita ce mai laifi, ku nemi a sauya mata wani, wannan haƙƙinta ne. In ta fi sakewa da mace, ku faɗa tun farko. In an yi wata biyu ana zuwa babu ko ɗan motsi a barci da ci da fita, ku koma wa likitan da ya tura ku a sake duba lamarin, wataƙila a haɗa da magani, wataƙila a auna jini a ga ko akwai ƙarancinsa ko matsalar maƙoƙo, don su ma suna kawo irin wannan kasala.

Shi kuma Baba kada ka sa shi zaɓi tsakanin malam da asibiti, don in ka sa shi ka san wanda zai zaɓa. Ka ce masa addu'a tana nan, a ci gaba da ita a gida ko wajen malamin da aka san tsoron Allahnsa, bisa sharaɗin ba duka, ba hayaƙi, ba kwana a wani wuri, ba cewa a ajiye maganin asibiti, kuma duk abin da za a ba ta ta sha a nuna wa likita. Sannan ka roƙe shi ya raka ku zama ɗaya, ka kuma sanar da mai jinyar tun kafin ranar cewa dattijo zai zo, a ba shi girmansa a ji ta bakinsa. Uba da aka tambaye shi me ya lura da shi a 'yarsa, yaushe ya fara gani, me yake tsoro, sau da yawa shi ne yake komawa mai tuna ranar zuwa.

Abu ɗaya ne ba ya jiran mako ya zagayo. In ka ji tana cewa gara ta mutu ta huta, ko ta fara rabon kayanta tana neman yafiya ba dalili, ka zauna da ita ka tambaye ta kai tsaye, cikin taushi, ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sauƙi take kawowa. In ta ce e, kada a yi mata faɗa ko a tsorata ta da wuta, kada a bar ta ita kaɗai, a kwashe fiya-fiya da shinkafar ɓera da tarin ƙwayoyi daga gidan, a kai ta asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai kuma sashen a asibitocin koyarwa. In duk sun yi muku nisa, ku fara da sashen gaggawa na babban asibitin da ya fi kusa, ku faɗa musu abin da ta ce yadda ta faɗe shi.